Manyan mahaɗai ko ƙanana: wacce za a kama in ana son juya akalar netwok?

Ɗalibar Mastas: Assalamu alaikum malamai da 'yan'uwa. Ina da tambaya kan kundina, ta tsaya mini a wuya. Aikin nawa a kan daidaita taku ne a manyan netwok, wato yadda abubuwa da yawa, kowanne da nasa kai-komon, suke dawowa su bi taku ɗaya, da kuma yadda za a sa su yin hakan daga waje. Maƙalu biyu ne a gabana. Ta Wang da Chen ta 2002 ta ce in netwok ɗin irin na Barabási da Albert ne, mai 'yan manyan mahaɗai, wato abubuwan da ke haɗe da wasu masu yawa, da tarin ƙanana, to a kama manyan, su za su jawo sauran. Ta Liu da Slotine da Barabási da ta fito a Nature a 2011 kuma ta ce mahaɗan da ake juya netwok da su galibi ba manyan ba ne, kauce musu ma suke yi. To wacce zan bi? Mai duba aikina cewa ya yi in je in yi tunani.

Ɗan Kallo: Wa alaikis salam. Ni dai na zo wucewa ne, amma a taimaka mini da "daidaita taku" ɗin nan tukuna kafin a tafi a bar ni a baya.

Malamin Lissafi: Wa alaikumus salam. Ɗan Kallo, abin ya daɗe a duniya. A 1665 Christiaan Huygens, mutumin Holan da ya ƙera agogo mai lilo, ya rataye agogo biyu a jikin katako ɗaya. Sai ya lura lilon nasu ya daidaita, in wannan ya yi dama wancan ya yi hagu, ba kuskure. Ya dagula su da hannu, bayan ɗan lokaci suka koma yadda suke. Katakon ne ke ɗan motsi, motsin da ido ba ya gani, yana kai saƙo daga wannan agogo zuwa wancan. Yanzu ka mayar da agogon nan su zama dubu, ko miliyan, kowanne da wasu ƙalilan kawai yake haɗe, to ka shigo fagen da 'yar'uwarmu take ciki. Ƙwayoyin da ke ba zuciyarka bugu haka suke. Ƙwarin nan masu walƙiya da dare a bakin kogunan Tailan da Malesiya, da bishiya guda za ta riƙa haskawa tana mutuwa lokaci ɗaya, su ma haka.

Malama, ke kuma amsarki ita ce maƙalun nan biyu ba tambaya ɗaya suke amsawa ba, shi ya sa kike ganin kamar suna faɗa.

Wang da Chen so suke kowa ya dawo wuri guda. Akwai hali ɗaya da aka zaɓa, ana son duk mahaɗai su faɗa cikinsa su zauna. Dabararsu ita ce a ɗaure kaɗan a turke, sauran da ke haɗe da su dole su taru a gindin turken. In haka kike so, wadda ta fi yawan maƙwabta ita ce ta fi amfani, don jan da kika yi mata zai isa ga ɗaruruwa a taki ɗaya.

Su Liu kuwa tambayar Kalman, masanin lissafin sarrafa na'urori, suka ɗauko, ta tun farkon shekarun 1960: zan iya ɗaukar tsarin nan daga duk halin da yake in kai shi duk halin da na ga dama? Kin ga nan ba taruwa ake nema ba. Ana son a iya cewa ke ki yi sama, ke ki yi ƙasa, ke ki tsaya, duk a lokaci ɗaya. Ki zana babbar mahaɗa ɗaya a takarda, ki fitar da kibiya uku daga jikinta zuwa ƙananan mahaɗai uku. In babbar kaɗai kika riƙe, duk abin da kika tura mata su ukun za su ji shi tare. Kina iya ɗaga su tare, kina iya sauke su tare, amma ba ki da hanyar raba su. Kafin ki iya, sai kin ƙara kama biyu daga cikin ukun kai tsaye. In ƙananan ɗari ne, sai kin kama 99. Shi ya sa in aka ƙirga mahaɗan da ake tuƙi da su, ƙanana ne suka cika jerin.

Ɗalibar Mastas: Allah ya saka da alheri Malam. Wato abin da ya sa babbar mahaɗa ta yi kyau a ta farko, shi ne ya sa ta gaza a ta biyu?

Malamin Lissafi: Shi ne. Tana sa maƙwabtanta su yi kama da juna. In kamannin kike nema, kin samu. In bambanci kike nema, ta ɓata miki.

Injiniyan Lantarki: Dakta ya yi bayani mai kyau, amma ku yi haƙuri, ni dai ina da ja a kan fagen nan gaba ɗayansa. Na karanta irin maƙalun nan ba adadi. Duk zubinsu ɗaya. A ɗauko mahaɗai a ce dukkansu iri ɗaya ne sak, kowacce a sa mata lissafin Lorenz na 1963 ko da'irar Chua, misalan motsi mai hargitsi da aka saba amfani da su. A gina ma'aunin Lyapunov, wato dabarar nuna cewa tsari zai lafa, a cika shafi huɗu da alamomi, a ƙarshe a ce in ƙarfin haɗi ya kai kaza to za su daidaita. Sai a zana layuka masu launi suna haɗewa wuri ɗaya. Shekara ta zagayo, a ƙara jinkirin saƙo, sabuwar maƙala. Wata shekarar a sa jinkirin ya riƙa canzawa, wata sabuwar. Ni a tashar wuta ban taɓa ganin janareta biyu da suka zama iri ɗaya sak ba, ko da kamfani ɗaya ya ƙera su a wata ɗaya. Kuma "in ƙarfin haɗi ya isa" ɗin nan, a wurinmu ma'anarsa sabon layin wuta mai tsawon ɗaruruwan kilomita. Ba lamba ba ce da za ka ƙara mata sifili a kwamfuta.

Mai Gwajin Kwamfuta: Yallaɓai Injiniya ka taɓo inda ke mana ƙaiƙayi. Na sha gwada sharuɗɗan nan. Maƙala za ta ce sai ƙarfin haɗi ya kai wani adadi, kai kuma ka gwada da ƙasa da shi nesa ba kusa ba, ka ga sun daidaita lafiya lau. Sharaɗin ba ƙarya ba ne, ya dai yi wa abin faɗi da yawa. Yana ce maka in ka kai nan ka tsira, ba ya gaya maka inda ramin yake.

Malamin Lissafi: Injiniya, rabin maganarka na karɓa. Akwai maƙalun cika kundi, kowa ya san da su, kuma ba fagen nan kaɗai ba. Amma kada a haɗa su da aikin da ya kafa fagen. Kuramoto a 1975 bai ce mahaɗai iri ɗaya ba ne. Tushen aikinsa ma shi ne kowacce da nata saurin. Abin da ya gano, wanda Winfree ya fara hangowa a 1967, shi ne abin ba a hankali yake zuwa ba. In haɗin bai kai wani mizani ba, kowa na harkar gabansa, ko alamar daidaito babu. Da ya haye mizanin sai wani gungu ya kulle, ya fara jawo na gefe, yawansa na ƙara masa ƙarfin ja. Kuma mizanin ya dogara ne da yadda saurin nasu ya bambanta. To lissafin da kuke yi wa janaretocinku, na juyin injin da kusurwar da ke tsakaninsu, ɗan'uwan wannan ne na jini, nauyin juyi kawai aka ƙara masa.

Injiniyan Lantarki: Mun san lissafin juyin injin tun kafin a haifi Kuramoto ɗin a fagen ilimi, Dakta. Ba mu jira kowa ba.

Malamin Lissafi: Ba a musu. Na injin ɗaya da biyu da goma kun riga kowa. Abin da masu netwok suka kawo shi ne tambayar siffar haɗin kanta. Misali, Witthaut da Timme sun nuna a 2012 cewa ƙara sabon layi a netwok ɗin wuta na iya rage masa daidaito maimakon ya ƙara, irin abin da Braess ya nuna a kan hanyoyin mota a 1968.

Injiniyan Lantarki: Wannan kam gaskiya ne, kuma duk wanda ya zauna ɗakin kula da layuka ya san wuta ba ta bin hanyar da ka so, ta inda ta samu sauƙi take bi. Bari in ba Malama misali na ƙasa, ta sa a gabatarwar kundinta ko ta huta da Lorenz. Ranar 4 ga Nuwamban 2006, a arewacin Jamus, aka kashe wani babban layi da ya ƙetare kogin Ems don wani sabon jirgin ruwa ya wuce ta ƙarƙashinsa. Abu ne da aka tsara. Nauyin ya koma kan wasu layukan, ɗaya ya yanke, na kusa da shi ya ɗauki kayansa shi ma ya yanke, cikin sakanni netwok ɗin Turai ya tsage gida uku. Ku tuna duk janaretocin nahiyar zagaye 50 suke bayarwa a sakan, injin mai kan maganaɗisu biyu yana juyi 3,000 a minti, daga Fotugal har Folan, taku ɗaya. Da aka rabu, ɓangaren yamma wuta ta yi masa kaɗan, saurin ya faɗi wajen 49, ɓangaren arewa maso gabas kuma ta yi masa yawa ya haura. Gidaje kusan miliyan 15 suka shiga duhu. Layi ɗaya.

Akwai ma na ban dariya. A farkon 2018 saɓani tsakanin Kosobo da Sabiya ya sa aka yi ta jan wutar da ba a mayar ba, saurin ya ɗan sauka ƙasa da 50 na tsawon makonni. Agogunan da ke ƙirga lokaci da bugun wutar gida, irin na jikin na'urorin kicin, suka yi latti da kusan minti 6 a faɗin Turai.

Ɗan Kallo: Ikon Allah. Rigimar ƙasa biyu ta sa mutumin wata ƙasar ya makara aiki.

Likitar Ƙwaƙwalwa: Sannunku da muhawara. Ina ta karantawa, na ga kowa ya ɗauka daidaita taku alheri ne da ake nema. A wurinmu sau da yawa shi ne cutar. Farfaɗiya ai ita ce ƙwayoyin jijiya masu yawa su riƙa harbawa tare fiye da kima. A cutar Parkinson ma ana ganin bugu mai zagaye 13 zuwa 30 a sakan ya yi ƙarfi a can cikin ƙwaƙwalwa, kuma ƙarfinsa na tafiya da sanƙarewar jiki da nauyin motsi. Wayar da ake dasawa a ƙwaƙwalwa tana aika bugu wajen 130 a sakan, marar lafiya ya samu sauƙi. Peter Tass ya kawo shawara a 2003 cewa maimakon a yi ta bugu ba tsayawa, a riƙa taɓa wurare daban-daban a lokuta daban-daban, a raba gungun gida-gida har ya manta da takun. Ƙanwata, in kina neman inda aikinki zai yi amfani, ki duba wargaza taku, ba haɗa shi kaɗai ba. Masu rubutu a kan haɗawa sun yi yawa.

Ɗalibar Mastas: Na gode Anti Likita. To a nan wace mahaɗa ake kamawa? Ko dai tambayar tawa ce ta dawo?

Likitar Ƙwaƙwalwa: Ta dawo, amma mu ba mu da zaɓin da kuke da shi a takarda. Inda waya za ta iya shiga ba tare da ta yi ɓarna ba, nan ake sa ta. Kuma ba ƙwaya ɗaya take taɓawa ba, duk abin da ke kewaye da bakinta ne.

Mai Gwajin Kwamfuta: Maganar Likita ta tuna mini da gadar Millennium ta Landan. An buɗe ta ranar 10 ga Yunin 2000, jama'a suka hau, ta fara lilo gefe da gefe, bayan kwana biyu aka rufe, sai 2002 aka sake buɗewa bayan an ɗaura mata na'urorin shanye girgiza. Strogatz da abokansa sun fassara abin da lissafin Kuramoto a 2005: gada ta motsa, mutane su daidaita taku da ita don kada su faɗi, takun nasu ya ƙara mata motsi.

Malamin Lissafi: Sai dai a yi hattara da wannan misalin. Belykh da Macdonald da abokan aikinsu sun fitar da bincike a 2021 suna cewa lilon na iya farawa ba tare da an daidaita taku ba. Yadda kowane mutum ke ajiye ƙafa don ya tsare kansa daga faɗuwa ya isa ya zuba wa gadar ƙarfi, in mutanen sun yi yawa. Daidaita takun da aka gani a bidiyo yana iya zama abin da lilon ya haifar, ba abin da ya haifi lilon ba. Malama, in za ki kawo gadar a kundinki, ki kawo duka bayanan biyu.

Injiniyan Lantarki: Ka ji ko. Shekara 16 ana koyar da abu a aji kafin a ce a dakata.

Malamin Lissafi: Da maganar Liu ma haka aka yi, kuma ba a ɗau shekara 16 ba. A 2012 Cowan da abokansa suka ce a lissafin nan an ɗauka mahaɗa ba ta da nata motsin, sai abin da aka turo mata. Alhali kusan kowane abu na gaske yana da yadda yake lafawa da kansa in an ƙyale shi. In ka sa wannan a lissafi, kowacce da nata saurin lafawa, ƙananan nan uku da na zana ɗazu ba za su amsa saƙo iri ɗaya ba, don haka a ƙa'ida saƙo guda ya isa ya raba su. Kashi 80 cikin ɗari da su Liu suka ce sai an kama a netwok ɗin ƙwayoyin gado, sai ya zama abin a sake dubawa.

Ɗalibar Mastas: Malam yanzu kuma ka sake rikita ni. In saƙo ɗaya ya isa, me ya rage?

Mai Gwajin Kwamfuta: Ba a nan gizo ke saƙa ba, Malama. Ƙa'idar Kalman e ko a'a kawai take cewa, ba ta faɗin nawa za ki kashe. Ki gwada da kanki yau da dare. Ki jera mahaɗai a layi, kowacce na tura wa ta gabanta, ki riƙe ta farko, ki ce kwamfuta ta lissafa miki ƙarfin da ake bukata a kai ta ƙarshe wani hali cikin ƙayyadadden lokaci. Da biyar lafiya. Ki mayar goma, ki mayar ashirin, ki ga yadda lambar ke ninkuwa. Can gaba kaɗan kwamfutar za ta fara ba ki shirme, don lambobin sun yi nisa da juna har ba ta iya riƙe su tare. A takarda ana iya juya shi. A zahiri babu injin da zai ba ki wannan ƙarfin. Yan da abokansa sun yi rubutu a kan haka a 2012, Pasqualetti da nasa a 2014.

Injiniyan Lantarki: Yawwa. Yanzu aka zo wurina. Kowa ya ci zomo ya ci gudu.

Likitar Ƙwaƙwalwa: Amma Injiniya kada ka yi murna da wuri, akwai inda takardar ta ci. Tsutsar nan C. elegans ƙwayoyin jijiyarta 302 ne, kuma an zana yadda suke haɗe tun 1986. A 2017 Yan da Barabási da Schafer da sauransu suka ɗora lissafin juya netwok a kan zanen, ya nuna musu ƙwayoyin da in babu su tsutsar ba za ta iya sarrafa naman jikinta daidai ba. Yawancinsu an riga an san su. Amma akwai ɗaya, PDB, da ba wanda ya san tana da hannu a motsi. Aka ƙone ta da hasken leza, tafiyar tsutsar ta canza. Lissafi ne ya riga gwaji a nan.

Injiniyan Lantarki: Na ji, Likita, kuma na yaba. Amma ki lura da abin da ya sa ta ci: an san zanen haɗin ƙwaya bayan ƙwaya, kuma an je an gwada a jikin tsutsa mai rai. Ba a tsaya a layuka masu launi ba. Mu yanzu damuwarmu ma wata ce. Manyan injina masu juyi suna da nauyi, in wani abu ya faru nauyin nan ke riƙe saurin na 'yan sakanni kafin na'urori su farga. Sola da batir ta inbata suke shigowa, babu abin da ke juyawa. Yawancin inbatocin nan bin takun da suka tarar suke yi. To in masu bi sun yi yawa, masu bayar da takun sun ragu, wa zai riƙe? Shi ya sa ake ta aikin inbata mai kafa taku da kanta. Tambayar a wace tasha za a sa su, kuma guda nawa, ita ce tambayar Malama sak. In za ta yi wannan, da janaretoci marasa kama da juna da layuka masu iyakar abin da za su ɗauka, ni zan karanta kundin daga farko har ƙarshe.

Ɗan Kallo: Ni fa har yanzu ina kan agogon Huygens. Me ya sa nasa suka yi hannun riga, ɗaya dama ɗaya hagu, amma a bidiyon da ake sa na'urorin ƙirga kiɗa a kan allo bisa gwangwani biyu duk gefe ɗaya suke yi?

Mai Gwajin Kwamfuta: Nauyin abin da suke kai ne da yadda yake motsi. Allo a kan gwangwani ba shi da nauyi kuma yana gangarawa yadda ya so. Agogunan Huygens masu nauyi ne ƙwarai, katakon da ƙyar yake motsawa, kuma gogayya na cinye motsin da suke yi in sun tafi gefe ɗaya, sai na hannun rigar ya rage.

Ɗalibar Mastas: To ga abin da zan kai wa mai duba aikina. Zan tsaya a kan turke, ba juyawa zuwa kowane hali ba, tunda daidaito nake nema. Mahaɗan ba za su zama iri ɗaya ba. Zan gwada kama manya, da kama ƙanana, da kamun kan mai uwa da wabi, in auna ƙarfin da kowanne ya ci, ba wai ko ya daidaita kawai ba. Malam, akwai abin da na bari?

Malamin Lissafi: Abu biyu. Ki karanta Pecora da Carroll ta 1998 kafin ki taɓa kwamfuta. Sun raba matsalar gida biyu, halin mahaɗa ɗaya a gefe, siffar netwok a gefe, kuma za ki ga akwai tsarin da in haɗi ya yi ƙarfi da yawa daidaiton warwarewa yake yi, don haka "a ƙara ƙarfi" ba kullum ne magani ba. Na biyu, kada ki tsaya a kaso ɗaya. Ki fara da kama kaɗan ki riƙa ƙarawa. Manya na cin tseren ne in waɗanda aka kama 'yan kaɗan ne. In kason ya yi yawa, akwai inda ƙananan ke wuce su, don manyan sun riga sun ji ja ta ko'ina, 'yan bakin gefe ne suka rage a sake. Inda layukan biyu suka gitta a netwok ɗinki, shi za ki nema.

Injiniyan Lantarki: Ki sa jinkirin saƙo ma, amma na gaske, wanda aka auna. Kuma ki cire layi ɗaya a tsakiyar gwajin ki ga ko turken naki zai riƙe.

Ɗalibar Mastas: In sha Allah. Wane girman netwok zan fara da shi, Malam Mai Gwaji? Kwamfutata ba ta da ƙarfi sosai.

Mai Gwajin Kwamfuta: Fara da mahaɗai 100, ki maimaita a kan netwok daban-daban masu siffa ɗaya ki ɗauki matsakaici, don guda ɗaya na iya yaudararki. In kin ga abin ya zauna sai ki haura 1,000. Turo mini umarnin kwamfutar da kika rubuta in kin gama na farkon, in duba miki tazarar lokacin da kika sa, a nan yawanci ake samun matsala.